Yadda ake daidaita zafi da danshi a tantin renon shuka na cikin ɗaki da kayan haɗin gida

Duk wanda ya gwada renon irin tumatir ko attarugu a fili cikin watan Afrilu a Kano, Sakkwato ko Maiduguri ya san yadda ake ƙarewa: iri ya tsiro gwanin sha'awa, kafin mako ya zagayo rana ta soye shi. A watan Agusta kuma ruwa ne ke dukan sa har gindinsa ya ruɓe. Wannan ne ya sa wasu ke mayar da reno cikin ɗaki, su kafa ɗan tanti da fayif da tampol, su rataya fitilar LED a madadin rana, su yi renon dashe ko su noma latas da ganyen miya a lokacin da babu su a kasuwa. Dabara ce mai kyau. Sai dai tanti rufaffen wuri ne, zafin fitila da tururin ganye ba su da hanyar fita sai wadda ka buɗe musu.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin ka sayi ko da ƙusa: fanka ba ta sanyaya iska, musanya ta kawai take yi. Idan ɗakin yana digiri 38, ko fanka goma ka jera, tantin ba zai sauko ƙasa da 38 ba. Don haka aikin kashi uku ne: ka rage zafin da ke shiga, ka fitar da wanda ya shiga, sannan ka canja tsari duk lokacin da yanayi ya juya. Abin da zai ceci shukarka a bazara shi ne zai kashe ta da damina.

Mataki na 1: Zaɓen ɗaki

Ɗakin rufin kwano marar silin bai dace ba, ka haƙura da shi. Nemi ɗakin ƙasa mai kauri, ko na bene na ƙasa, ko aƙalla mai silin, wanda bangonsa ba ya kallon yamma. Bangon yamma yana shan ranar la'asar ya riƙe zafin har bayan isha'i. Dole ɗakin ya kasance da taga, domin ta nan za ka fitar da iska mai zafi. Kada ka jingina tantin da bango, bar tsakani kamar taƙi ɗaya.

Cikin tantin ya zama fari. Farar leda mai kauri ko filawud da aka shafa wa farin fenti sun wadatar, suna mayar da haske kan ganye, kuma ba sa tara shi wuri guda.

Mataki na 2: Awo

Sayi ɗan ma'aunin nan mai batir da ke nuna zafi da danshin iska tare, musamman wanda ke ajiye mafi sama da mafi ƙasa da ya gani. Guda biyu za ka saya, ɗaya a cikin tanti, ɗaya a ɗaki. Na cikin tanti a rataye shi daidai tsayin ganye, a yi masa 'yar inuwa da kwali don kada hasken fitila ya riƙa dukan sa kai tsaye ya ba ka lissafin ƙarya. Bambancin da ke tsakanin ma'aunan biyu shi zai gaya maka inda matsala take. Idan tanti ya fi ɗaki da digiri 2 ko 3, fankarka na aiki, ɗakin ne ke da zafi. Idan ya fi shi da 6 ko 7, iska ce ba ta fita.

Waɗannan ma'aunan masu araha sukan yi kuskure a ɓangaren danshi, amma gwada su ba wuya. Cika murfin kwalba da gishirin miya, ɗiga masa ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, sa shi da ma'aunin a cikin roba mai murfi da ba ta shan iska, ka bar su su kwana. Danshin iskar cikin robar zai tsaya a kashi 75 cikin ɗari. In ma'aunin ya nuna 69, ka san kullum sai ka ƙara masa 6. Rubuta hakan a jikinsa.

Abin da ake nema: tumatir da tattasai sun fi jin daɗi tsakanin digiri 21 da 28, suna iya jure 30 zuwa 32 in akwai ruwa da iska. Latas ya fi su raki. In zafi ya daɗe sama da 27 sai ya miƙe ya yi ɗaci, irinsa kuma yakan ƙi tsirowa idan ƙasa ta kai wajen 30. Danshi kuwa, ƙaramin tsiro yana son kashi 65 zuwa 75, wanda ya girma 55 zuwa 70. Ƙasa da 40 ganye na wahala, sama da 85 fumfuna ta samu gida.

Mataki na 3: Rage zafin fitila

Kusan duk wutar da fitila ta ci, a ƙarshe zafi take zama a cikin tantin. Fitila mai cin wat 100 tamkar ɗan hita ne mai wat 100. Saboda haka kada ka sa wadda ta fi buƙatarka. Don renon dashe a fili mai faɗin murabba'in mita ɗaya, wat 100 na LED mai kyau ya isa. Ƙwan lantarki mai zare da fitilar halojin ba su da wuri a nan, zafinsu ya fi haskensu.

Idan fitilarka tana da ɗan akwatin da ke daidaita mata wuta a rabe, ƙara masa waya ka fitar da shi waje. Shi kaɗai yana zubar da kusan kashi ɗaya cikin goma na wutar a matsayin zafi.

Sai kuma dabarar da ba ta cin ko kwabo: juya wa shukar dare da rana. Kunna fitila da ƙarfe 7 na yamma, a kashe da 10 na safe. Awa 15 ke nan, ya ishi dashe, kuma lokacin da rana ta take fitila a kashe take. Kada ka bar ta awa 24 don neman saurin girma, ganyen tumatir yakan yi ɗorawa-ɗorawa in ba ya samun duhu. Mai amfani da sola ya lissafa batirinsa tukuna, domin wat 100 na awa 15 ya kai kilowat-awa ɗaya da rabi kowane dare. In batirin ba zai ɗauka ba, raba lokacin: daga asuba zuwa hantsi, sannan daga magariba zuwa tsakar dare, ko a rage wat.

Nisa tsakanin fitila da ganye ya fara daga santimita 40. Sa bayan hannunka daidai tsayin ganye na rabin minti. In ka ji zafi na damun ka, ɗaga fitilar. In kuma tsiro ya fara miƙewa siriri yana neman haske, sauko da ita kaɗan.

Mataki na 4: Fankar fitar da iska

Nan ne zuciyar aikin, don haka bari mu daɗe a kai.

Iska mai zafi sama take hawa. Ƙofar fita ta kasance can ƙololuwar tanti, ta shiga kuma a ƙasa, a ɓangaren da ke fuskantar ta, yadda iskar dole ta ratsa ta cikin shuka kafin ta fita. Fankar a ƙofar fita ake sa ta, tana zuƙo iska daga ciki tana turawa waje.

Ga lissafin girman fanka. Iska kubik mita ɗaya a awa tana kwashe kusan sulusin wat a kan kowane digiri ɗaya na bambanci. Ma'ana, in fitilarka wat 100 ce, kana so kada tanti ya fi ɗaki da sama da digiri 3, kana buƙatar iska kubik mita 100 a awa. Wat 200, kubik mita 200. Sauƙin riƙewa ke nan: kowane wat ɗaya, kubik mita ɗaya.

Fankar kwamfuta mai faɗin santimita 12, mai bolt 12, wadda ake samu wurin masu gyaran kwamfuta ko 'yan gwangwan, tana tura kusan hakan idan babu abin da ya tare ta. Da zarar ka haɗa ta da bututu da raga, sai ƙarfinta ya ragu sosai. Shi ya sa nake ba da shawarar guda biyu ga fitilar wat 100. Samu robar fenti ko kwalin filawud, huda ramuka biyu a gefe guda ka ɗaura fankokin kafaɗa da kafaɗa, ɗaya gefen kuma ka huda ramin fayif mai inci 6, ko inci 4 in shi ka samu. Toshe duk wata kafa da salatif, in ba haka ba iskar za ta riƙa zagayowa ta baya. Adafta mai bolt 12 da amfiya 1 ko 2 ta ishe su. Wanda ke da hali ya sayi fankar nan da ake liƙawa a bangon banɗaki ko kicin, ta fi jure dogon bututu.

Bututun ya zama gajere kuma miƙaƙƙe, kowace kwana tana cinye iska. Kuma lallai bakinsa ya fita ta taga. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa: su fitar da zafi daga tanti su zuba a ɗaki, ɗakin a rufe, fanka ta sake zuƙo shi ta ƙasa. Yanke filawud daidai rabin tagar, huda ramin fayif a jiki, ka bar ƙasan ƙofa ko wata tagar a buɗe don sabuwar iska ta shigo.

Ƙofar shigar iska ta ninka ta fita sau biyu ko uku a faɗi, a rufe ta da yankin gidan sauro. Ragar tana tare manyan ƙwari da asu. Manoman Kaduna da Kano ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta share gonakin tumatir, kuma ɗan asu ne ke saka ƙwanta a ganye. Dashen da ya ɗauko ta tun daga tanti, har gona zai kai ta. A riƙa kaɗe ragar duk mako, musamman da hunturu, don ƙura na toshe ta ba ka sani ba.

Gwaji: rufe tanti, kunna fanka, kunna turaren tsinke ka kai shi bakin ƙofar shiga. Hayaƙin ya kamata ya shige ciki a miƙe. Bangon tantin kuma ya ɗan lotsa ciki kaɗan. In ya lotsa sosai, ƙofar shiga ta yi ƙanƙanta, faɗaɗa ta.

Bayan wannan a ƙara 'yar fanka ɗaya a ciki, mai kaɗa ganye a hankali. Kada a saita ta kan tsiro ɗaya, a bar iskar ta daki bango ta dawo. Tana hana danshi kwanciya a ƙarƙashin ganye, tana kuma sa kara ya yi ƙwari.

In kana so abin ya riƙa sarrafa kansa, akwai ɗan allon lantarki mai suna W1209, mai bolt 12, yana da ma'aunin zafi da makunni. Bar fanka ɗaya tana aiki dare da rana, ta biyun ka bi da ita ta wannan allon, ka saita ta tashi a digiri 28 ta tsaya a 26.

Mataki na 5: Bazara, sanyaya da ruwa

Daga Maris zuwa farkon Mayu zafi na haura 40, amma iska a bushe take, kuma wannan bushewar ita ce ribarka. Ruwa in zai zama tururi sai ya ci zafi, lita ɗaya tana cin kusan kashi biyu cikin uku na kilowat-awa. A kan wannan hikimar Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000. Abin da za mu yi a bakin tanti ɗan'uwan wancan ne.

Haɗa firam na katako mai faɗin rabin mita kowane gefe, kaurinsa santimita 5 zuwa 8. Buga masa wayar keji gaba da baya, cika tsakiya da gawayi ƙanana kamar girman goro, wanda aka wanke tokarsa. In babu gawayi, buhun algarara ninki biyu ko busasshen soso da aka yayyanka za su yi. Kada ka danna su da ƙarfi, iska na buƙatar hanya. A saman firam ɗin kwantar da siririn tiyo da aka huhhuda da allura mai zafi, a haɗa shi da jarka da aka ɗora a sama, da ɗan famfo don rage gudu. A ƙasa a sa tire mai tarar abin da ya ɗiga. Manna firam ɗin a ƙofar shigar iska, a toshe gefe da gefe yadda duk iskar da za ta shiga sai ta ratsa jiƙaƙƙen gawayin.

Me za ka samu? Iska mai digiri 40 da danshi kashi 15, iyakar inda ruwa zai iya saukar da ita wajen digiri 21 ne. Haɗin gida ba ya kai wa can, amma in ya yi kyau za ka ga 27 zuwa 30, danshi kuma ya hau kusan 50. Jifa ɗaya, ka gyara zafi ka gyara bushewa. Ka shirya ruwa lita 5 ko fiye don awannin zafi. Gawayin zai rage wa fanka ƙarfi, don haka duka biyun su yi aiki, a maimaita gwajin turare. Zubar da ruwan tire duk kwana biyu saboda sauro da gansakuka, a wanke gawayin duk mako biyu, musamman in ruwan rijiyarku mai kanwa-kanwa ne.

Ƙanƙara fa? Ana yawan ba da shawarar a daskarar da ruwa a gora a ajiye gaban fanka. Gorar lita ɗaya da rabi, daga daskarewa har ta narke, zafin da za ta sha bai kai abin da fitilar wat 100 ke fitarwa a awa biyu ba. Tana da amfani ranar da fanka ta lalace kana jiran mai gyara, amma ba a gina tsari a kanta.

Kula da saiwa ma. Baƙar ledar reno tana ɗaukar zafi. Jera su a matse cikin tire, a zagaye da farin soson nan da ake kunshe firji da talabijin, a yi ban-ruwa da ruwan randa ba wanda ya wuni a tankin rufi ba.

Mataki na 6: Damina, yaƙi da danshi

Da ruwa ya sauka sosai, cire firam ɗin gawayi ka ajiye. A iska mai digiri 30 da danshi kashi 80, ba zai rage maka fiye da digiri 2 ba, sai dai ya cika tantin da tururi.

Ka fahimci daga ina danshin ke zuwa. Kusan duk ruwan da ka ba shuka, ta ganye yake fita ya shiga iska. In kana zuba lita 2 a rana, kusan lita 2 ɗin ne ke tashi. Shi kuwa tanti mai kubik mita 3, duk iskar cikinsa a digiri 30 ba ta iya riƙe ko giram 100 na ruwa. Daga nan za ka gane dalilin da ya sa kwanon gishiri, gawayi ko shinkafa da ake cewa a ajiye a kusurwa ba sa tsinana komai. Fitar da iskar kawai shi ne magani.

Lokaci mafi haɗari shi ne rabin awa bayan kashe fitila. Zafi ya sauka, iskar da ke riƙe giram 30 a kubik mita a digiri 30 ba ta iya riƙe fiye da 17 a digiri 20, sai raɓa ta kwanta a ganye da bango. Don haka fanka ba ta hutawa da damina, ko fitila na kunne ko a kashe. Ban-ruwa a yi shi jim kaɗan bayan kunna fitila, ba dab da kashewa ba, kuma ta ƙasa: zuba a tire, bar ledojin su sha na minti 15, a zubar da saura. Bar saman ƙasa ya ɗan bushe kafin a ƙara. Buɗa tsakanin shuke-shuke yadda ganye ba ya hawa kan ganye, a cire na ƙasa da suka tsufa. Kada a shanya wanki a ɗakin. A wannan lokacin zafin fitila ma taimako ne, domin ƙarin digiri 3 yana sauko da danshi daga 85 zuwa wajen 72, kuma dare ne ya fi danshi, wani dalilin kunna ta da dare ke nan.

Tsiron da ka tarar ya kwanta, gindinsa ya tsuke ya yi ruwa-ruwa daidai bakin ƙasa, ba ya tashi. Cire shi da ƙasarsa nan take, ka rage ruwa, ka ƙara iska, tun bai shafi na kusa ba.

Mataki na 7: Hunturu

Wannan ya fi sauƙi. Dare na iya sauka ƙasa da digiri 15, danshi ƙasa da kashi 20. Fitilar dare tana ɗumama tanti, sai a rage fitar iska: fanka ɗaya ta isa, ko a ba ta bolt 9 maimakon 12. Don ƙara danshi, rataya jiƙaƙƙen tawul da gefensa ɗaya a cikin bokiti, 'yar fankar ciki tana kaɗa shi. Irin da bai tsiro ba a lulluɓe tirensa da farar leda, a cire ta ranar da ya fara leƙowa. Duba bayan ganye akai-akai. Ɗigo-ɗigo masu ɗorawa da siririyar yana alamar ƙananan jajayen gizo-gizo ne, waɗanda bushewa ke haifarwa da yawa.

Abin da ganye ke faɗa

Gefen ganye ya nannaɗe sama, na saman sun fi: zafi ko fitila ta yi kusa. Ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe: saiwa ta yi zafi ko ta fara ruɓewa, ƙarin ruwa zai ƙara lalata ta. Ƙuraje-ƙuraje a bayan ganyen tumatir, ko ɗigon ruwa a bakin ganye kullum: danshi ya yi yawa. Bakin sabon ganyen latas na tsakiya ya ƙone: iska ba ta kai wa cikin, ƙara motsin 'yar fanka.

Wuta da ruwa

Wannan ba abin wasa ba ne, a gidan akwai yara da iyali. Duk soket da adafta su kasance a waje, a sama da ƙugu, ba a ƙasa inda ruwa ke malala ba. Kowace waya ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi a can. Kada a murɗa waya da hannu a naɗe da leda, a sa mahaɗi na gaskiya, in ba ka iya ba kira mai gyaran wuta. Jarkar ruwa kada ta zauna saman fitila ko waya.

In an ɗauke wuta, fitila ta mutu zafinta ma ya tafi, buɗe ƙofar tanti kawai iska ta zaga. Mafi muni shi ne fitila na ci fanka ta tsaya, cikin ƙanƙanin lokaci tantin zai zama tanda. Haɗa su a layi ɗaya, ko ka ba fankokin ɗan batirin bolt 12 nasu na kansu, tunda abin da suke ci bai taka kara ya karya ba.

Fitar da dashe

Tumatir kan isa dashe a mako 4 zuwa 5, tattasai da attarugu 6 zuwa 8. Shukar da ta tashi a tanti ba ta san rana ba, in ka kai ta gona kai tsaye za ta ƙone. Mako guda kafin dashe, fara fitar da ita inuwa na awa 2 da safe, washegari 3, kana ƙarawa kana matso da ita hasken rana, kana kuma rage ruwa kaɗan-kaɗan. Kwana biyun ƙarshe ta kwana a waje. A yi dashen da yamma bayan la'asar, a ba da ruwa nan take.